Fentin Ɗakin Inde Mai Kifi

Duk baƙon da ya sauka Madarumfa da yunwa, in ya tambayi inda zai sa wani abu mai zafi a ciki, sai a nuna masa hanyar da ta gangara tafki, a ce ya bi ta har ya ji ƙamshin soyayyen kifi. Can ne wurin Inde. Ba allo a ƙofa, ba suna a rubuce. Ɗaki ne guda mai tsawo, rufin kwano, da tabur uku da bencinansu, sai tabarmi biyu a kusurwa saboda tsofaffin da ba sa jin daɗin cin tuwo ƙafa na reto. A bayan ɗakin akwai rumfa, nan murhu yake, nan kuma Inde ta yi yawancin rayuwarta.

Ba ƴar garin ba ce. A wani ƙauye ta wajen Gabi aka haife ta, gidan manoma masu riƙe da al'adar kakanni, inda ta tashi tana sussukar hatsi da roron wake. Aure ne ya kawo ta Madarumfa, gidan Tanko masunci. A gidansa ta koyi salla, a gidansa kuma ta koyi fiɗar tarwaɗa ba tare da ƙaya ta soke ta ba. Kifin da ya kwana bai sayu ba, shi take soyawa ta ɗora a faranti ta kai bakin hanya. Daga faranti aka koma tukunyar tuwo, daga nan aka kafa rumfar zana. Shekarar da Allah ya yi wa Tanko rasuwa, ƴaƴanta maza biyu sun riga sun tsallaka Najeriya neman na kansu, sai ita da autarta Zuwaira. Mutane suka ɗauka za ta tattara ta koma ƙauye. Ba ta koma ba. Da ta fita takaba sai ta sa aka buga mata bulo, aka tada wannan ɗaki, aka shafe shi da farar ƙasa. Shafawar nan guda ita ce ya samu har shekara goma sha tara.

Ciwon idon bai zo mata da zafi ba. Da fari fuskar mutum ce take ɓace mata in yana can bakin hanya. Daga baya sai ta riƙa ganin kamar hayaƙi ya tsaya a ɗakin ya ƙi fita, ta yi ta faɗa a kan itacen da ake kawo mata, wai ɗanye ne. A hankali hayaƙin ya yi kauri, har ta daina bambance kuka da kuɓewa sai ta murza a yatsa. Amma girki bai tsaya ba. Kunnenta ke gaya mata mai ya yi zafi, hancinta ke gaya mata kifi ya soyu. Masu cin abinci kuwa, da takunsu da tarinsu take gane su, ta kira kowa da sunansa tun bai zauna ba. Ta ɗauka ta ɓoye abin sarai.

Zuwaira, wadda ta yi aure nan cikin gari kuma take zuwa taya ta kullum da safe, ita ta fara kama ta. Wata rana an jingina buhun hatsi a bakin ƙofa, sai ta ji uwarta ta juya wajen buhun da fara'a tana cewa, “Sannu da zuwa, malam. Mi za a kawo maka?”

Zuwaira ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, “Inna, buhu ne.”

“Na sani,” in ji Inde. “Wasa nake.”

Shekara huɗu Zuwaira tana roƙon ta su tafi Maradi a duba idon, tana ƙi. Ta ji ana cewa likitoci ciro idon suke yi su ɗora a faranti su wanke, kuma ita ba ta ga dalilin da za ta kai idonta a yi masa abin da take yi wa kifi ba. Abin da ya karya ta shi ne ranar da ta miƙa hannu za ta ɗauki matsami, ta tsoma yatsu uku cikin tafasasshen mai. Zuwaira na ɗaure mata hannun tana kuka, ta ce, “Inna, ko mu tafi likita, ko in kira su yaya a salula in gaya masu komi, su zo su rufe wurin nan.” Inde ta ce to, a tafi. Ta san yaran za su aikata.

A Maradi likita ya haska idanun ya ce yanar ido ce, kuma ta nuna, ana iya cire ta. Aka fara da na dama. Washegari da hantsi wata ma'aikaciya ta ɓare audugar a hankali, ta ce ta buɗe. Inde ta buɗe, hawaye suka cika idon, ta ƙifta, sai ga wata mace tsaye a gabanta da gyale kore, ta ƙura mata ido. Inde ta daɗe tana kallon ta.

“Auta,” ta ce, “yaushe kika yi furfura?”

Zuwaira ta fashe da dariya da kuka a haɗe, har ma'aikaciyar ta taya ta.

A mota, a hanyar komawa, Inde ta hana kowa sakat. Duk abin da ta gani sai ta faɗe shi da ƙarfi, kamar mai koyon magana. Ga jan tumatir a kwando. Ga akuya mai dabbare-dabbare. Ga damman hatsi a kan amalanke. Da tafki ya bayyana, ruwan na ƙyalli, da farin balbelu a gefensa, sai ta kama salati tana maimaita alhamdulillahi, fasinjoji na amsa mata.

Likita ya hana ta kusantar hayaƙi na wasu makonni, saboda haka sai da ta yi kwana goma a gida kafin ta matsa a kai ta ta ga wurinta. Ta tsaya a bakin ƙofa da baƙin tabarau a fuska. Ta cire shi. Ta sake mayarwa.

Bangon da ta bari fari a zuciyarta ya koma baƙi ƙirin daga sama, inda hayaƙin rumfa ke shigowa ta taga. A tsakiya akwai wani dogon layi mai maiƙo, daidai inda maza ke jingina kai in sun ƙoshi. Gefen ƙofa kuwa shatin hannuwa ne bisa shatin hannuwa, manya da ƙanana, na miya da na manja. Wani wuri farar ƙasar ta ɓaɓɓake, siminti ya fito. Ɗakin tsaf yake, a share, kwanoni a wanke, amma duhu ne kamar cikin rumbu.

“A nan nake ciyar da mutane?” ta tambaya.

“Ba wanda ya taɓa kuka da shi, Inna.”

“Kuma ke kina gani, ba ki faɗa mini ba.”

“In na faɗa miki ki yi yaya? Ki ƙara da baƙin cikin bango?”

Inde ta zauna a benci, kunya ta rufe ta. Tana nan zaune sai ga masunta uku sun shigo cin na rana. Suka yi mata barka, suka ci, tana kallon su. Da suka gama, sai ta ga babbansu ya tattara kwanonin ya jera su a kusurwar tabur ta hagu, ya tura bencin da ƙafa ya koma daidai inda yake, ya sunkuya ya ɗauke wani ɓawon albasa daga ƙasa. Bai ko duba ta ba, hannunsa ne kawai ya saba. Bayansu wani mushen lakol, malamin makarantar boko, ya zo, shi ma da ya tashi haka ya yi.

Ta kira Zuwaira ta tambaye ta. Zuwaira ta ce ai an fi shekara biyar ana haka. Ba wanda ya sa su. Sun lura a kusurwar hagu hannunta ke lalube, sai kowa ya riƙa ajiye kwano a can. Sun lura tana tuntuɓe in benci ya goce, sai suka riƙa mayar da shi. Baƙo in ya zo bai sani ba, na kusa da shi ne zai raɗa masa.

“Ashe duk sun sani.”

“Garin nan kaf an sani, Inna. Ke kaɗai ce ba ki san an sani ba.”

Inde ta rufe fuska da gefen zanenta. Da ta ɗago ta ce a kira mata Shu'aibu mai fenti. Mutanen da suka yi mata wannan, in ji ta, ba za su ƙara cin abinci cikin duhu ba.

Shu'aibu magidanci ne mai yawan magana, wanda rigarsa ta aiki ta ɗauki launin kusan kowane gida da ya taɓa shafawa. Ya zo da wata takarda mai naɗi, da ƴan murabba'ai na launuka jere a kanta, ya buɗe a kan tabur. Nan aiki ya tsaya. Inde ta sa yatsa a kan wannan, ta koma kan wancan, tana tambayar sunan kowane. Rabonta da ganin launi tsantsa haka har ta manta.

“Wanne kike so, Inna?”

“Duka.”

“Ai bango huɗu ne kawai gare ki.”

Shi dai shawararsa ruwan ƙasa mai duhu, don ɗakin abinci ne, kuma duhu ke ɓoye datti. Inde ta ce ta gaji da abin da ke ɓoye mata datti. Zuwaira ta ce ruwan hoda, irin wanda ta gani a wani gidan abinci a Maradi, da labule mai furanni. Kafin la'asar zancen ya bazu. Masunta suka ce shuɗi, ba wata magana. Mushen lakol ya ce fari shi ne tsabta. Wani direba ya ce a yi ja, a hango shi tun daga tasha. Kowa ya zo cin tuwo sai ya bar ra'ayinsa tare da kwanonsa, Inde kuma duk wanda ya yi magana sai ta ga kamar shi ke da gaskiya.

Da abin ya ƙi ƙarewa, Shu'aibu ya ce launi a takarda daban, a bango daban. Ya kankare wani sashe na bangon da ke fuskantar ƙofa, ya shafa faci huɗu, kowane kamar faɗin faifai biyu: ruwan hoda, shuɗi, ruwan ƙasa, da wani rawaya mai haske kamar garin ɗorawa, wanda ya rage masa daga wani aiki. Ya ce ta dube su da safe, ta dube su da rana tsaka, ta dube su da yamma. Kwana shida bangon na nan da faci kamar rigar mahaukaci, ana ta yi mata tsiya, ita kuwa ba ta yanke ba. Da safe shuɗin ke burge ta. Da yamma sai ta ga ruwan hodar ya yi taushi, ta ce ko dai Auta ta fi ta ido.

Ranar kasuwa sai ga Kanta. Ɗan wan babanta ne, ya girme ta da kusan shekara goma, kuma har yau yana can ƙauyensu a kan al'adar da suka gada. Duk ranar kasuwa maƙwabta kan ɗauko shi a amalanken jaki da ɗan wakensa, in ya sayar ya gangaro wurin Inde ya ci tuwon dawa da kan tarwaɗa. Shekara da shekaru muryarsa kawai take ji. Ran nan ta gan shi.

Ta ga ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, kamar mai shirin shiga ruwa. Ta ga ya miƙa hannu ya dafa gefen ƙofar, daidai kan shatin hannuwan nan, ya jawo ƙafa a hankali. Duk da haka sai da ƙaurinsa ya bugi benci. Da ya matso ta ga idanunsa biyu sun yi fari fat kamar an ɗiga nono. Ta san wannan tsayuwar, ta san wannan jan ƙafar. Nata ne.

“Yaya, sannu da hanya. Ina mutan gida?”

“Lafiya lau. An ce an wanke miki ido a faranti.”

“Ba faranti. Zo ka zauna nan, ina da tambaya.”

Ta kama hannunsa ta zaunar da shi yana fuskantar bangon. Ta ce ya duba gabansa ya gaya mata abin da ya gani. Kanta ya ce shi ba ya ganin komi sai hazo, ta bar shi ya ci tuwonsa. Ta ce ya dai duba. Ya karkata kai, ya ƙanƙance ido, ya daɗe.

“Akwai wani wuri can,” ya ce yana nuni da sandarsa, “kamar rana ta leƙo ta ɓula. Kun huda bangon ne?”

Kan sandar na nuna rawayan.

“Sauran fa? Akwai uku a gefensa.”

“In akwai su, ni ba su gaishe ni ba.”

Inde ta aika a kira Shu'aibu tun Kanta bai gama cin abinci ba. Wannan karon ba ta nemi takardar launuka ba. Ta ce daga sama har zuwa kafaɗar mutum a zaune, rawayan nan za a shafa. Fari ba zai yi ba, don ta tuna yadda farin bango ke kashe mata ido da rana tsaka lokacin da take da yana, ya zama kamar an watsa mata ruwa a fuska. Daga kafaɗa zuwa ƙasa kuma kore mai duhu, na mai, wanda za a iya wankewa da soso. Gefen ƙofa ciki da waje shi ma koren, don mai raunin ido ya ga inda haske ya ƙare, ƙofa ta fara. Bencina kuwa a yi masu shuɗi mai ƙarfi, su fita daban da daɓen siminti.

Shu'aibu ya sosa ƙeya. “Inna, rawaya fa ba ya rufa asiri. Ƙuda in ya sauka sai an gan shi.”

“To a gan shi. Yanzu ina da idon korar sa.”

Ta ƙirga masa da yatsu tsofaffin da ke cin abinci a wurinta waɗanda idonsu ya fara hazo. Sun kai bakwai, ban da Kanta. Ta ce masu lafiyar ido ko a wane launi za su ga bakinsu.

Zuwaira ta ɗan turo baki. Inde ta dube ta ta ce, “Auta, ranar da ɗakin nan ya zama naki, ki shafa hoda har rufi. Yanzu dai ki bar ni da tsofaffina.”

Kwana huɗu aka yi ana aikin. Masunta suka fitar da tabur da bencina zuwa ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban ɗakin, can aka riƙa cin abinci. Shu'aibu ya kankare baƙin, ya wanke maiƙon da ruwan zafi da omo, ya cike ramuka, ya toshe rabin tagar da hayaƙi ke bi, ya buɗe wata a bangon gabas. Inde ta kasa zama. Kowane lokaci tana bakin ƙofa tana kallon yadda buroshi ke cinye baƙin layi bayan layi, har Shu'aibu ya ce in ba ta matsa ba, zai shafe ta ita ma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka mayar da kaya. Inde ta dafa shinkafa da wake babbar tukunya, ta soya karfasa da tarwaɗa, ta ce yau ba ciniki, kowa ya shigo. Ɗakin ya cika har ƙofa. Hasken sabuwar tagar ya bugi rawayan ya dawo kan fuskokin mutane, ta riƙa bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa kowace murya da fuskarta. Wani da take zaton ƙato ne ashe ɗan firit ne. Wani da take yi wa kallon yaro ashe gemunsa ya yi fari.

Ta so ta yi dogon jawabi, ta ma shirya shi tun safe. Da ta miƙe sai jawabin ya ɓace mata. Abin da ya fito kawai shi ne, “Na ga abin da kuka yi mini. Allah ya saka maku da alheri. Allah ya ba ku masu yi maku.” Aka amsa da amin. Babban masuntan nan ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa, ya ce shi bai san abin da take nufi ba, a ƙaro masa yaji.

Maganar likita kuwa, ta sha yi wa Kanta ita, yana cewa sai ya yi shawara da gida, sai an ga abin da magabata suka ce. Ba ta matsa masa ba, don ta san tsoron. Kasuwa uku bayan haka ya sauko daga amalanke da wankakkiyar riga da ƴar jakar fata a kafaɗa, ba wake. Ya shigo bai dafa bango ba, ya kewaye benci, ya zauna.

“Ki ce wa ɗiyarki ta kai ni,” ya ce. “Amma in sun fito da faranti, tashi zan yi.”

Idonsa na hagu ya riga ya lalace, likita ya ce ba abin da za a iya yi masa. Na dama ya buɗe. Da Zuwaira ta dawo da shi Madarumfa, bai yarda a wuce da shi ƙauye ba sai da aka biya wurin Inde. Ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya ɗaga tabarau, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya ya duba bencina.

“Wanga shi ne launin da aka ce ni na zaɓa?”

“Shi ne, Yaya.”

“Kai! Ya yi ihu da yawa. Da ina gani, shuɗi zan ce.”

Masuntan da ke cin abinci suka kwashe da shewa, suna cewa ai sun faɗa. Inde ta yi dariya har ta dafa tabur. Ta ce to ya makara, fenti ya bushe. Ta shiga rumfa ta zubo masa tuwo, ta zaɓo kan tarwaɗa mafi girma ta ɗora a kai, ta kawo masa. Kanta ya wanke hannu, ya jawo kwanon gabansa, ya tsaya yana kallon miyar tukuna kafin ya kai loma.